JININ WA AKA GWADA?

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun da safe, ga shi nan na kawo, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika ce in bar Malama ta sharara wa Hajiya mari, 'yar'uwa sassauta, uwar mijinta ce fa. Akwai abin da ya fi mari zafi.

*

Kwana huɗu ke nan Malama tana zaune a kujerar roba gefen gadon 'yarta a asibiti. Kwana biyu ke nan kuma da Hajiya, uwar mijinta, ta tsaya a tsakiyar ɗakin yara, gaban iyaye mata da nas biyu, ta kira yarinyar shegiya.

Ba a ɓoye ta faɗa ba. Takarda ta zaro daga jaka ta ɗaga sama, ta gwajin jinin da ɗanta Injiniya ya kai gidan su Malama kafin a ba shi aure, shekara biyar baya.

"Ga shi nan a rubuce, AA! Likita da bakinsa ya ce ba a haifar sikila sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita. Ɗana ba ya ɗauke da komai. To ki faɗa mana inda kika samo wannan."

Ta wurga mata takardar a cinya. Shi kuwa Injiniya, mutumin da in firij ya lalace sai ya yi awa guda yana wa mai firij bayani kafin ya taɓa shi, ranar bakinsa ya mutu. Ya jingina da bango yana kallon takalminsa kamar yau ya saye shi.

Malama ba ta yaga takardar ba. Ta ninke ta huɗu ta saka a jaka. Shekara tara tana koyarwa, hannunta bai iya yar da takarda ba, ko da ta cin mutunci ce.

Tun daga ranar matan ɗakin suka canza mata. Wadda ke ba ta aron bokiti ta daina. In ta shigo sai hira ta tsaya, in ta fita a ɗora daga inda aka tsaya.

Tsuntsuwa na kwance da allurar ƙarin ruwa a bayan hannu. Ubanta ne ya laƙaba mata sunan, don loma biyu take yi ta ture kwano. Shekararta uku da rabi, amma in ka gan ta ka ce ba ta cika biyu ba. Tafin hannunta fari fat, leɓenta ma haka, farin idonta ya koma rawaya. Tun tana wata takwas yatsunta ke kumbura su yi suntum, ta wuni tana tsala ihu in an taɓa ta. Da ta fara tafiya, taku goma sai ta tsuguna tana haki. Duk sanda Malama ta ce a je a gwada jini, sai Hajiya ta ce haƙori ne, ko shawara ce, ko sanyi ya kama ta. Sai ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta naɗe 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta hana a yi mata wanka da ruwan sanyi, ta dinga ɗura mata ruwan sha. Kuma abin yakan lafa. Har godiya Malama ke yi mata, tana cewa a ranta tsohuwar nan akwai hannu.

"Mama, ƙafata."

"Sannu, 'yar albarka. Zai daina."

"Ina Abba?"

"Yana waje."

"Fushi yake yi da ni?"

Malama ta kau da kai ta shiga gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

Wajen ƙarfe tara babbar nas ta shigo da fayil a hannu, mace mai jiki wadda ba ta iya lallashi ba.

"Jinin ya sake sauka. Likita ya ce a ƙara mata leda guda kafin azahar. Ina mazan gidan?"

Mazan gidan na kan benci a baranda, Injiniya da ƙaninsa Tela, Hajiya a tsakiyarsu tana jan carbi. In ba ka san su ba sai ka rantse tagwaye ne. Tsayi ɗaya, goshi ɗaya, sai dai Tela ya fi sanyin hali.

Nas ta ce, "Wane ne uban?"

Hajiya ta ja tsaki.

"Tambayar da mu ma muke yi ke nan."

"Hajiya, ni ba shari'a na zo yi ba, jini nake nema. Ku biyun ku taso."

Injiniya ya fara shafa ƙeya.

"Ni fa ban karya ba tukuna."

"Ba yanzu za a ɗiba ba, dubawa za a fara yi."

"Kuma kwana biyun nan ina jin jiri, ga wani aiki da na..."

"Malam, yarinya ce a kwance. Taso."

Ranar farko ya kuɓuce da cewa yana wurin aiki, wata abokiyar aikin Malama ce ta ba da jini. Yau babu ƙofa. Ya dubi uwarsa. Hajiya ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Je ka, ai rukunin jini kawai suke dubawa." Malama ta ji maganar da kunnenta, amma hankalinta na kan gado, ba ta kawo komai ba.

Bayan awa guda mai gwaji ya leƙo ta 'yar tagarsa ya kira lambar gado. Malama ce a kusa, ita ta je. Ya turo mata 'yan takardu biyu.

"Na ƙanin za mu ɗauka. Rukunin O ne, yana shiga jikin kowa, kuma AA ne. Ki ce ya shigo."

"Na babban fa?"

"Rukuninsa ɗaya da yarinyar, B. Sai dai AS ne. Mai sikila kuwa ba ma son ƙara mata jinin AS in akwai wani."

"Me ka ce?"

"AS. Yana ɗauke da rabin abin, kamar ke. Ai dole, in ba haka ba daga ina yarinyar za ta samo?"

Ya ja tagarsa ya rufe ya koma aikinsa.

Malama ta aika Tela ciki, ita kuma ta nemi matakalar bene ta zauna. Ta buɗe jaka ta ciro tsohuwar takardar. Ta jera ukun a kan gwiwa yadda take jera takardun jarrabawa.

Sunan mijinta ne a sama, cikakke. Ga AA ɗin nan da manyan baƙaƙe, wanda ubanta ya gani ya ce alhamdulillahi, wanda ita ma ta gani ta yi sujada. A ƙasansa akwai wani ɗan layi da ba wanda ya taɓa damuwa da shi. Rukunin jini: O.

Ta dubi ta yau mai sunan mijinta. B, AS.

Ta dubi ta Tela. O, AA.

Shekara tara tana kama yaran da ke turo yayyensu su zauna musu jarrabawa. Ta san kamannin takardar da sunan na wani ne, aikin na wani.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ba ta taɓa ɓoye nata ba. Ran da Injiniya ya fara zuwa ta gaya masa ita AS ce. Ta gaya masa akwai wanda ta so kafin shi, har an sa rana, gwaji ya nuna shi ma AS ne, ta haƙura da shi tana kuka don kada ta haifi yaron da zai rayu cikin azaba. Injiniya ya saurara yana gyaɗa kai, har da cewa gaskiya ta burge shi.

Ta koma ɗaki ta tsaya sai da ta ga an rataye ledar jinin, ta ga ja ya biyo siririn bututun ya shiga hannun 'yarta. Ta shafa kanta har barci ya ɗauke ta. Sannan ta gyara mayafi ta fito.

Suna can ƙarshen baranda inda ba mutane. Tela na zaune da auduga a gwiwar hannu yana shan lemo. Malama ta san aikinta. In yara biyu suka haɗa baki, ba mai taurin kan ake fara tambaya ba.

"Tela, sannu da ƙoƙari. Allah ya saka da alheri."

"Haba Anti, ai 'yata ce."

"'Yarka ce? Shekaranjiya da aka ce ba ta gidanku ba ce ban ji bakinka ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Wannan karo na nawa ke nan da aka ɗebi jininka?"

"Na... na farko."

"Ɗago ka kalle ni."

Ya ɗago.

"Karo na nawa?"

"Na biyu, Anti."

Hajiya ta zabura. "Kai! Jiri ne ke ɗibarka, rufe min baki!"

"Na farkon yaushe ne?"

"Anti, don Allah..."

"Da sunan wa ka ba da shi?"

Tela ya ajiye kwalbar lemon ya dafe kai da hannu biyu.

"Da sunan Yaya. Katinsa aka ba ni, aka ce in je, ba wanda zai bambance mu. Wallahi Anti tun da aka haifi yarinyar nan ban sake samun natsuwa ba. Ko rigar da nake ɗinka mata, in na zo auna hannunta sai in ji..."

"Ya isa."

Ta juya ga mijinta. Ta miƙa masa takardun uku, bai karɓa ba.

"Abban Tsuntsuwa, B ne kai ko O?"

"Ki saurare ni."

"B ko O?"

"Son ki nake yi. Na je na gwada a ɓoye, na ga abin da ya fito. Na san in na kawo ta gaskiya ba za ki aure ni ba."

"Ba zan aure ka ba kam."

"To kin gani. An ce min ba kowace haihuwa ce ke zuwa da shi ba, na ce ko Allah zai sa mu tsallake."

"Caca ka yi da ita ke nan."

"Ba haka ba ne."

"Wannan na ji, son zuciya ne, maza da yawa sun yi. Amma shekaranjiya fa? Kana tsaye aka kira ni mazinaciya. Kana tsaye aka kira jininka shegiya. Ka san gaskiya tsaf, kana kallon takalmi. Shi ma son nawa ne?"

Idonsa ya tafi wurin uwarsa, yadda ya saba tun yana yaro.

Malama ta bi idon nasa. Nan take tsumman ruwan ɗumin nan ya faɗo mata a rai, da yadda yatsun tsohuwar suka san inda za su naɗa ba tare da an nuna musu ba.

"Hajiya."

"Kada ki kuskura ki ɗaga min murya."

"Ba zan ɗaga ba. Wa ya koya miki jinyar sikila?"

Carbin ya tsaya a hannun Hajiya.

"Yayyen Abban Tsuntsuwa biyu da aka ce min ƙyanda ce ta kashe su. Ƙyanda ce?"

Can Hajiya ta gyara zama, ta dubi Malama ido cikin ido, babu ko ɗigon kunya a fuskarta.

"Na binne biyu. Ɗaya shekara huɗu, ɗaya shekara shida. A hannuna suka cika, ba wanda ya taya ni kuka. Ke yau kwana huɗu kika yi a kujera kina ganin kin sha wuya."

"Ashe tun tana wata takwas kin gane."

"Tun ran da na ga yatsun."

"Kika ce haƙori ne."

"In ce me? In ce a je a gwada a tono abin da na rufe? Ni na aiki Tela. Ni na ba shi katin. Ɗana ya zo min yana kuka kamar zai mutu a kanki, in zuba masa ido?"

"Shekara uku tana ihu, Hajiya. Akwai maganin da ake ba su tun suna jarirai, likita ya ce da an fara da wuri da ba ta kai haka ba."

"Rai na Allah ne."

"Mutuncina fa? Shi ma na Allah ne, ko naki ne da za ki ɗauka ki shimfiɗa a tsakar asibiti?"

A nan ne muryar Hajiya ta sauka. Ta kamo gefen mayafin Malama, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Zauna, 'yata. Zauna ki ji."

"Ina ji a tsaye."

"Saura sati biyar bikin Auta, ƙanwar mijinki. Kin san uwar yaron da zai aure ta, tsohuwar ungozoma ce, shekara talatin ta yi a asibiti. Ɗanta AS ne, ta rantse ba zai auri mai irin jininsa ba. In ta ji abin nan a gidanmu yake, za ta sa a sake gwada Auta a gabanta. Auren ya watse ke nan."

"In Auta lafiyarta ƙalau, a sake gwadawa mana. Ba ta kai takarda ba?"

"Ta kai."

"Jinin wa aka gwada?"

Hajiya ta kau da kai. Tela ya yi salati a hankali, alamar wannan kam shi ma bai sani ba.

Malama ta yi dariya, irin wadda ba ta da alaƙa da daɗi.

"Ashe sana'a ce a gidan."

"Ki bar zancen nan. Abu ɗaya nake roƙonki. In an sallame ku ki wuce gidanku da yarinyar, ki yi shiru. Da an ɗaura auren nan ni da kaina zan zo in ɗauko ki, mu ce masu gwaji ne suka yi kuskure. Sati biyar ne kawai."

"Sati biyar 'yata tana shegiya."

"Yarinya ce, me ta sani?"

"Ɗazu ta tambaye ni ko ubanta fushi yake yi da ita."

Injiniya ya runtse ido. Ya matso.

"Ki rufa mana asiri, don girman Allah. Ni na san 'yata ce, ke kin sani. Ai shi ke nan."

"Babana ya sani? Jiya ya kira ni, ya kasa magana, sai numfashinsa nake ji. Shugabar makarantarmu ta sani? Matan ɗakin can sun sani? In ta girma aka nuna ta aka ce ita ce wadda kakarta ta tsaya a asibiti ta..."

"Salamu alaikum!"

Duk suka juya.

Wata dattijuwa ce ke tahowa daga bakin baranda, gajera, tsaf-tsaf da ita, kwandon abinci a hannu, tabarau na lilo a ƙirjinta da igiya. Ungozoma ce, uwar wanda zai auri Auta.

Hajiya ta miƙe da sauri har carbinta ya faɗi, ta tare ta da fara'a kamar ba ita ba.

"Lale, lale! Ke da kanki? Ai da kin aiko."

"Haba, ina zan iya zama? Tun jiya da kika gaya min a waya ban samu sukuni ba." Ta kama hannun Hajiya ta riƙe. "Allah ya ba ki haƙuri. Babbar jarrabawa ce a haifo maka ɗan wani a cikin gida. Amma kun yi halin girma da ba ku yar da yarinyar ba, ita ba ta da laifi."

Ta gaida Injiniya, ta gaida Tela. Da ta zo kan Malama sai ta dube ta sau ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, ta ɗauke kai.

Ashe har waya an yi. Ashe ba a jira sati biyar ɗin ba ma, tun jiya aka kai sunanta inda ake so a kai shi. Duk da haka Malama ta ba mijinta dama ta ƙarshe, don uban 'yarta ne.

"Abban Tsuntsuwa, ga baƙuwa ta zo dubiya. Gaya mata 'yar wa ce a gadon can."

Injiniya ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙofar ɗakin da jinin ƙaninsa ke shiga jikin 'yarsa, ya dubi uwarsa. Hajiya ta kafa masa ido.

Sai ya miƙa hannu ga dattijuwar.

"Mama, kawo kwandon in riƙe miki."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Malama ta gyaɗa kai a hankali. Ta tako har gaban Ungozoma ta rusuna, ta gaishe ta cikin ladabi, gaisuwar da ba a amsa ba. Hajiya ta yi wuf ta kamo hannunta, farcenta har yana shiga fata.

"'Yata, je ki duba yarinyar, na ji kamar tana kuka."

"Barci take yi, Hajiya."

Ta zare hannunta. Ta warware takardun uku, ta jera su ɗaya kan ɗaya, tsohuwar a sama.

"Mama, an ce shekara talatin kika yi kina karanta irin waɗannan."

Ungozoma ta yamutsa fuska. "Me ya haɗa ni da takardunki?"

"Tabaran nan na wuyanki, yana gani sosai?"

"Yana gani."

"To saka shi."